Zaɓen 'yan wasan NBA: Ɗan Kano da aka zaɓa, ɗan Zariya mai zaɓe, da yaran Karare da ba a gani

A ƙarshen watan Yunin kowace shekara, daidai lokacin da damina ta kankama a yammacin jihar Katsina, manoman Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana na kwana da tunanin huɗa da noman farko, akwai wata kasuwa da ke ci a birnin New York na Amurka. Ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta NBA ne ke zama su zaɓi sabbin 'yan wasa kimanin 60 daga sassan duniya. Ana buɗe taron, wanda ake kira diraf, da misalin ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya.

Tun watanni kafin wannan dare ake tafka muhawara, kuma tambayar ba ta sauyawa: shin ƙungiya ta ɗauki yaron da ya fi kowa iya wasa cikin waɗanda suka rage, ko kuwa ta ɗauki wanda zai cike gurbin da take da shi?

Manomin da ya taɓa shiga kasuwa neman sa na biyu don haɗa shanun huɗa ya san wannan tambaya. San da ya fi kowanne girma a kara na iya zama asara idan tsayinsa da takunsa ba su zo ɗaya da na abokin karkiyarsa ba. Haka kuma wanda ya bar nagartaccen sa ya sayi mai rauni don kawai sun yi kai ɗaya da na gida, yakan yi cizon yatsa kafin damina ta raba tsakiya.

Arewacin Najeriya na da mutum biyu da suka tsaya a ɓangarori biyu na wannan ciniki. Ɗaya haifaffen Kano ne da aka zaɓa saboda tsayinsa. Ɗayan ya tashi a Zariya, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu zaɓen a duniya. Labarinsu na nuna cewa sa'ar matashi ba ta tsaya ga lambar da aka kira shi da ita ba. Ta danganta da shekarun da ya fara samun mai koya masa, da kuma haƙurin gidan da ya faɗa.

Yadda ake gudanar da zaɓen

An fara wannan zaɓe a 1947, kuma tun daga 1989 zagaye biyu ake yi. A yau kowane zagaye na da gurbi 30. Tsarin ya bambanta da na ƙwallon ƙafar Turai, inda mai kuɗi ke sayen wanda ya ga dama. A NBA ƙungiyar da ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ce ke samun damar zaɓe da wuri, domin kada ƙarfi ya taru a hannu ɗaya.

Ƙungiyoyin da suka kasa kaiwa wasannin neman kofi na ƙarshen kaka kan shiga wata ƙuri'a, wadda aka ɓullo da ita a 1985. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2019, ƙuri'ar ce ke raba gurabe huɗu na farko, kuma ƙungiyoyi uku na can ƙasan teburi kowace na da damar kashi 14 cikin 100 ta samun lamba ɗaya.

Dole ne ɗan wasa ya cika shekara 19 a cikin shekarar zaɓen. A watan Mayu akan tara da yawansu a birnin Chicago, a auna tsayi da nauyi da tsawon hannuwa da tsalle da gudu, likitoci su duba gwiwa da zuciya, shugabannin ƙungiyoyi kuma su zauna da su su ji hankalinsu.

Bambancin zagayen farko da na biyu babba ne. Wanda aka kira a zagayen farko na samun kwantiragin da aka tabbatar masa da albashin shekara biyu na miliyoyin daloli, ƙungiya kuma na da zaɓin ƙara masa wasu biyun. Wanda ya faɗa zagaye na biyu sai abin da ya iya daidaitawa da ƙungiyar.

Darasin 1984

Duk mai wannan muhawara sai ya koma shekarar 1984, kuma ɗan Najeriya ne a tsakiyar labarin. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ƙwallon hannu da tsaron raga ya fara yi. Sai da ya kai shekara 15 ya taɓa ƙwallon kwando, kuma gasarsa ta farko a Sakkwato ya buga ta, a wani bikin wasannin kwalejojin horar da malamai.

Houston Rockets ce ke da lamba ɗaya a wannan shekara. Tana da dogon ɗan wasa Ralph Sampson, wanda ta ɗauka da lamba ɗaya a 1983, kuma gurbinsu ɗaya da Olajuwon. Duk da haka ta ɗauke shi. Su biyun suka kai ta wasan ƙarshe a 1986, daga baya Olajuwon ya ciyo mata kofi a 1994 da 1995.

Portland Trail Blazers ce ta biyu. Tana da Clyde Drexler da Jim Paxson a gurbin masu kai hari daga waje, abin da ta rasa shi ne dogon da zai tsare ƙarƙashin kwando. Sai ta ɗauki Sam Bowie, duk da cewa ciwon ƙafa ya hana shi wasa kaka biyu a jami'a. Chicago Bulls da ke biye ta ɗauki Michael Jordan, wanda ya ci mata kofi shida. Bowie kuwa karaya ta yi ta bin sa.

Masu cewa a ɗauki gwani kawai da wannan suke kafa hujja: gurbi na iya sauyawa cikin shekara biyu, amma gwani irin Jordan ba ya dawowa. Sai dai masu ɗaya ra'ayin su ma suna da tasu hujjar. A cewarsu, 'yan wasa ƙalilan ne ke iya haskawa a duk inda aka jefa su. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, sai sun samu koci mai lokacinsu da tsarin wasan da ya dace da abin da suka iya.

Yinka Dare: ɗan Kano mai lamba 14

An haifi Yinka Dare a Kano a watan Oktoban 1972. Tsayinsa ƙafa bakwai, wato sama da mita biyu da santimita goma. A 1991 wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka ya gan shi a Legas, ya buɗe masa hanyar tafiya. Bayan shekara ɗaya a makarantar share fage, ya shiga Jami'ar George Washington, inda a kakarsa ta farko, 1993, ya taimaka mata ta kai zagayen 'yan 16 a gasar jami'o'in Amurka.

Bayan kaka biyu kacal ya bar jami'a ya shiga zaɓen 1994. Lokacin ya zo masa daidai: mako guda kafin nan Olajuwon ya ɗaga kofinsa na farko, kowace ƙungiya na mafarkin samun nata dogon ɗan Najeriya. New Jersey Nets ta kira sunansa a lamba 14.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. A kakarsa ta farko wasa ɗaya ya buga, na minti uku, gwiwarsa ta samu rauni. Cikin kaka huɗu ya buga wasa 110, yana cin kimanin maki biyu a kowane wasa. Sau huɗu kacal aka rubuta cewa ya miƙa ƙwallon da abokin wasansa ya jefa a kwando, abin da jaridun Amurka suka mayar abin barkwanci. A 1998 aka sallame shi. Ya rasu a watan Janairun 2004 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 31.

An daɗe ana sanya sunansa cikin jerin zaɓen da aka yi asara. Amma idan aka duba lissafin, shekara uku ce kawai tsakanin ranar da aka gano shi a Legas da ranar da aka ce ya kara da manyan 'yan wasan duniya, waɗanda galibinsu tun suna firamare suke riƙe da ƙwallo. A wancan zamani NBA ba ta da ƙaramar gasar renon matasa, domin sai a 2001 aka kafa ta. Matashin da bai gama koyo ba, benci ne makomarsa. Nets ta sayi tsayi, ba ta da wurin da za ta koya wa mai tsayin sauran aikin.

Shekara huɗu bayan zaɓen Dare aka sake irin wannan caca da babbar lamba. Los Angeles Clippers ta ɗauki Michael Olowokandi, haifaffen Legas da ya tashi a Landan, da lamba ɗaya a 1998. Shi ma ya fara wasan a makare. Ya yi kaka tara yana cin kimanin maki takwas a wasa, alhali a bayansa aka ɗauki Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce, waɗanda duk suka zama taurari.

Masai Ujiri: yaron Zariya da ya zama mai zaɓe

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar sauran yaran gari, sai yana kimanin shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. A Zariya ya haɗu da Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ya yi karatu da wasa a Amurka, ya buga a ƙananan ƙungiyoyin Turai, sannan a 2002 ya fara aikin zaƙulo 'yan wasa ga Orlando Magic ba tare da albashi ba. Daga nan Denver Nuggets ta ɗauke shi aiki. A 2010 ya zama babban manajanta, a 2013 aka ba shi lambar gwarzon shugaban ƙungiya na shekara, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors ta Kanada.

Abin da ya fito da shi a Toronto shi ne samo 'yan wasa daga lambobin da ba a cika sa rai da su ba. A 2016 ƙungiyarsa ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Kamaru da lamba 27. Siakam ma bai fara wasan da gaske ba sai da ya kusa shekara 17. Bambancinsa da Dare shi ne Toronto ta riga ta kafa ƙaramar ƙungiyarta ta reno, Raptors 905, a 2015. Can aka tura shi ya yi ta buga wasa yana kuskure yana gyarawa, har suka ci kofin ƙaramar gasar a 2017. A 2019 aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa samun ci gaba, kuma yana cikin ginshiƙan da suka ciyo wa Toronto kofinta na farko a tarihi. A tawagar akwai Fred VanVleet, wanda babu ƙungiyar da ta kira sunansa a zaɓen 2016.

A 2017 Toronto ta ɗauki OG Anunoby, ɗan asalin Najeriya, da lamba 23, lokacin da wasu ƙungiyoyi suka ja baya saboda tiyatar gwiwa da aka yi masa. A 2021 kuma, da lamba huɗu a hannu, masu sharhi da dama sun ɗauka Jalen Suggs za a kira domin ya gaji Kyle Lowry da ke shirin tafiya. Sai aka kira Scottie Barnes, wanda gurbinsa ya yi kama da na Siakam da Anunoby. An yi ta gunaguni, amma Barnes ne ya zama gwarzon sabon ɗan wasa na kakar.

Ba kullum cacar ke ci ba. A 2014 Ujiri ya ɗauki Bruno Caboclo ɗan Brazil da lamba 20 saboda tsayi da dogayen hannuwa. An yi kusan shekara huɗu ana jiran sa, wasanni ƙalilan ya buga, aka musanya shi. Ujiri kansa ya rabu da Toronto a watan Yunin 2025, jim kaɗan bayan kammala zaɓen shekarar.

Wasan ya sauya, ma'auni ya sauya

A zamanin Dare, ƙungiya kan nemi dogon da zai tsaya ƙarƙashin kwando ya tare hanya. Tun daga kusan 2015, lokacin da Golden State Warriors da Stephen Curry suka fara cin kofi da jifa daga nesa mai maki uku, abin da ake nema ya sauya. Yanzu ana son dogon da zai iya gudu, ya tsare gajere mai sauri a fili, ya miƙa ƙwallo, ya kuma jefa daga nesa.

Zaɓen 2020 ya nuna haka ƙarara. Aƙalla matasa takwas masu tushe a Najeriya aka kira a dare ɗaya, kuma karon farko ke nan da aka ɗauki haifaffun Najeriya biyu a zagayen farko na shekara guda. Precious Achiuwa na Fatakwal ya tafi Miami Heat da lamba 20, inda ya tarar da Bam Adebayo a gurbinsa, bayan kaka ɗaya aka musanya shi zuwa Toronto. Udoka Azubuike na Legas, ƙaƙƙarfan dogo irin na da, ya tafi Utah Jazz da lamba 27, ya zauna a bayan Rudy Gobert, rauni kuma ya hana shi sakat.

Lamba uku bayansa aka kira Desmond Bane, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. An yi ta kushe shi cewa ya girma, tunda ya yi shekara huɗu a jami'a, kuma hannuwansa gajeru ne. Amma ya iya jifa daga nesa, ya kuma faɗa Memphis Grizzlies da ke neman mai wannan aiki a gefen Ja Morant. A 2023 ya sa hannu a kwantiragin da ya kai kimanin dala miliyan 200.

Haka Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, sai a lamba 15 aka kira shi a 2013. Milwaukee Bucks ta yi haƙuri da shi, ya zama gwarzon gasar sau biyu, ya ciyo mata kofi a 2021. Wanda aka ɗauka da lamba ɗaya a shekarar, Anthony Bennett, kaka huɗu ya yi ya fita daga gasar.

Tazarar da ke tsakanin Karare da New York

Duk wannan muhawara kan yaran da aka riga aka gani ake yin ta. Kafin sunan matashi ya shiga jerin da ake gardama a kai, sai ya bi matakai: filin wasa kusa da gida, malamin da ya san wasan, gasar makarantu, ƙungiyar jiha, sansanin horo, sannan makarantar horarwa ko jami'a a waje.

Matakan sama na nan. Arewa na da ƙungiyoyi a rukunin Savannah na babbar gasar Najeriya, irin su Kano Pillars da ta ci kofin ƙasa sau da dama, da Gombe Bulls. Gidauniyar Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003 na shirya sansanonin horo, kuma a 2021 ta yi alkawarin gina filaye 100 a faɗin Afirka. NBA na da makarantar horarwa a Saly ta ƙasar Sanagal, da gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL da aka fara a Kigali a 2021.

Matakan ƙasa ne suka karye a wurare irin su Karare. Batsari da Safana na bakin dajin Rugu, kuma sun shafe shekaru suna fama da hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana. Makaranta ce wurin da yaron ƙauye zai fara ganin kwando da malamin wasanni. Idan karatu ya tsaya, wannan ƙofa ma ta rufe, a daidai shekarun da icce ke tanƙwaruwa.

Akwai kuma haɗari ga wanda ya yi ƙoƙarin tsallake matakan. Kafafen yaɗa labaran Amurka sun sha bankaɗo yadda dillalai ke kwasar dogayen yara daga Afirka, ciki har da Najeriya, da alkawarin karatu da wasa, su yasar da su idan ba su yi fice ba. Iyayen da wani ya zo wa da irin wannan tayi na da haƙƙin sanin sunan makarantar, da wanda zai riƙe yaron, da abin da zai faru da karatunsa idan gwiwa ta ƙi.

Duk da haka, tashin hankali bai isa ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya tashi a Uganda yana ɗan gudun hijira. Ya fara wasa yana kimanin shekara 13, aka ɗauke shi makarantar Saly, ya wakilci ƙasarsa a gasar Olympics ta Paris a 2024, ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Duke, sannan aka kira shi da lamba 10 a zaɓen 2025. Tsayinsa kusan ɗaya da na Yinka Dare. Abin da ya fi shi da shi shekarun horo ne kafin a kira sunansa.

Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, kwandon kuma na rataye a tsayin mita 3.05. Bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallon ƙafa ba, kuma zai shiga harabar kusan kowace sakandare a Batsari ko Safana, inda maza da mata za su iya amfani da shi cikin katanga. Gurabe 60 ne kawai a shekara ga duniya baki ɗaya, don haka kusan duk yaron da zai taka irin wannan fili ba zai ga New York ba. Amma wasan na kai wasu jami'a, yana ba wasu aikin koci ko alƙalanci ko gurbi a ƙungiyar jiha. Ujiri ma ba a taɓa kiran sunansa a daren zaɓe ba. Wani fili a Zariya da koci ɗaya ne suka fara ɗora shi a hanyar da ta kai shi kujerar mai kiran sunayen wasu.